Gasar hoto da karrama mawaƙa: a raba yawan masoya da ingancin aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wata ɗabi'a da ta shigo mana tare da wayoyin hannu, wadda take neman zama ma'aunin kowace irin fasaha a ƙasar Hausa, wato barin yawan ƙuri'un intanet ya yanke hukuncin wane ne gwani. Ɗabi'ar ta fi bayyana a wurare biyu da a ido za a ɗauka babu abin da ya haɗa su: gasannin ɗaukar hoto da matasa masu sha'awar abin ke shiryawa a tsakaninsu, da kuma muhawarar da ake yawan yi a kan mawaƙan da suka cancanci karramawa mai ɗorewa, kamar digirin girmamawa, ko lambar ƙasa, ko sanya sunan mutum a titi ko ɗakin taro. A ganina, ƙidayar masoya tana nuna yawan jama'ar da mutum yake da su a yau ne kawai, kuma idan ana iya yi mata uzuri a gasar nishaɗi, babu uzurin da za a yi mata a wurin karramawar da ake so jikoki su tarar.

Ban shiga wannan magana don in kushe matasan da ke ɗaukar hoto ba, domin abin da suke yi abin yabo ne. A da, wanda yake son hoto sai ya yi ado ya tafi shagon mai hoto, ya zauna gaban labule mai zanen furanni, sannan ya jira kwanaki kafin a wanko masa. Yanzu ɗalibi da tela da mai sayar da katin waya duk suna yawo da kyamara a aljihu, kuma a cikinsu akwai masu idon da ba a koyarwa a makaranta. Su ne ke ɗauko mana marinar Ƙofar Mata da hantsi, da masunta a Matan Fada lokacin bikin Argungu, da tsofaffin gine-ginen Zariya masu zankwaye waɗanda ke rushewa ɗaya bayan ɗaya a kowace damina. Tun da hukumar UNESCO ta sanya bikin Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, ta kuma sanya hawan Sallar Kano a 2024, idon baƙi ya ƙara dawowa kanmu, kuma ya fi kyau a ce 'ya'yanmu ne ke nuna wa duniya kamanninmu. Gasa tana ƙara wa irin waɗannan matasa himma, tana sa mutum ya tashi da asuba don ya riski haske mai kyau, don haka ba na fatan a daina ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin hukunci. Bayan wata babbar Sallah, wasu matasa a garinmu sun shirya gasar hotunan hawa, suka ce duk hoton da ya fi samun masu danna alamar so a Facebook cikin mako guda shi ne ya ci. Hoton da ya zo na ɗaya na wani mahayi ne da ya ci ado, an ƙara wa launinsa ƙarfi a waya har sararin sama ya koma wani irin shuɗi da ban taɓa ganin Allah Ya yi shi ba, ga kuma igiyar wutar lantarki ta ratsa ta kan rawanin mahayin. Mai hoton yana da dubban mabiya, kuma duk tsawon makon saƙonsa na yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai, ana cewa a taimaka wa yaronmu. Can ƙasan jerin kuwa akwai hoton wani dattijo mai kalangu da ke tafe a ƙasa bayan dawaki. An ɗauke shi daidai lokacin da ya matse tsarkiya da damtsensa, jijiyoyin hannunsa sun fito, bakinsa a buɗe yana tsakiyar kirari, ƙura ta lulluɓe ƙafafunsa, wani yaro yana biye da shi rungume da wani kalangun na ko-ta-kwana. Wanda ya ɗauki wannan hoto ya san inda zai tsaya da lokacin da zai danna, amma ba shi da jama'a, saboda haka ko kyautar ta'aziyya bai samu ba.

Wani zai ce ai wasa ne, kuma kyautar ba ta wuce kuɗin katin waya ba. Gaskiya ne kyautar ƙarama ce, amma darasin da matasan suka ɗauka babba ne. Wanda ya ci ya koyi cewa tara jama'a ya fi gyara aiki amfani, wanda ya faɗi kuma ya koyi cewa wahalar da ya sha a cikin rana da ƙura ba ta da mai gani. Da an sami mutum uku da suka san hoto, aka ɓoye musu sunayen masu shiga gasar, suka duba haske da tsarin abin da ke cikin hoton da lokacin da aka kama shi da labarin da yake bayarwa, sannan suka rubuta layi biyu ko uku na dalilin zaɓinsu, da kowa ya ƙaru, har wanda bai ci ba. Ba na cewa a hana jama'a faɗin albarkacin bakinsu. A ware musu kyauta guda a kira ta zaɓin 'yan kallo, a bayyana ta da sunanta, kada a sa mata rigar gwaninta.

Akwai kuma matsalar gaskiyar hoton kansa, wadda ƙuri'ar jama'a ba za ta taɓa iya tantancewa ba. A 2023 wani Bajamushe mai suna Boris Eldagsen ya ci kyauta a wani rukuni na gasar hotuna ta duniya ta Sony, sannan ya fito fili ya ƙi karɓa, ya ce hoton da ya shigar ba kyamara ce ta ɗauke shi ba, ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi a kwamfuta. Idan har ƙwararrun alƙalai a Landan za su shiga irin wannan ruɗani, ina ga wanda ke duba hoto a ƙaramin allon waya yana zaune a bayan babur? Manyan gasanni irin World Press Photo, wadda aka fara a ƙasar Holan tun 1955, sukan nemi ainihin hoton kamar yadda ya fito daga kyamara kafin su ba da kyauta, kuma sun sha korar hotunan da aka cire wani abu ko aka ƙara wani abu a cikinsu. Wannan sharaɗi ba ya cin ko kwabo, kuma masu shirya gasa a Kano ko Maraɗi za su iya kafa shi gobe. Haka nan ya kamata a shardanta neman izinin wanda aka ɗauka, musamman mata da yara da almajirai, domin ba daidai ba ne talaucin wani ya zama tsanin da wani zai taka ya ci kyauta alhali shi bai ma san an ɗauke shi ba.

To, Malam Edita, wannan ɗabi'a da ta ɓata ƙaramar gasar garinmu ita ce nake ganin tana kutsawa cikin maganar mawaƙa, kuma a nan ɓarnarta ta fi girma. Kusan kowane wata sai an ga wata ƙungiya ta fitar da jerin sunaye ta ce a zaɓi gwarzon mawaƙan Hausa na kowane zamani, a haɗa wanda ya fara waƙa shekara biyar da suka wuce da wanda ya yi shekara hamsin yana yi ya rasu, sannan a ce wanda ya fi ƙuri'a shi ne sarki. Sakamakon irin wannan zaɓe sananne ne tun kafin a fara, domin masoyan Narambaɗa da Jankiɗi mafi yawansu ko dai sun bi su, ko kuma suna ƙauye riƙe da rediyo, ba su da labarin ana wani zaɓe. Daga nan sai a ɗauki sakamakon a mai da shi hujja, a fara kiran jami'a ta ba wane digiri, ko gwamna ya sa sunansa a wani gini. Da gangan na ƙi ambatar sunan kowane mawaƙi mai rai a wannan wasiƙa, saboda ba da su nake ba, kuma a cikinsu akwai masu fasahar da na tabbata za ta daɗe. Da tsarin nake.

Mu duba yadda aka karrama na baya. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, ya riga ya shafe shekaru fiye da arba'in yana waƙa, ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da manoma, ya yi waƙoƙin wayar da kai a kan al'amuran ƙasa, kuma maganganunsa sun riga sun shiga bakin mutane har ana kawo su a hira kamar karin magana. Jami'ar ba ta ƙirƙiro masa daraja ba, ta dai sa hannu ne a kan abin da zamani ya riga ya tabbatar. Ya rasu a 1999, kuma har yau babu tashar mota a Arewa da za a wuni ba a ji kalangunsa ba. Haka Ɗanmaraya Jos, wanda da ɗan kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, abin da ake yi da gwangwani da fata, ya yi wa karen mota da ma'aurata da talaka waƙoƙin da suka kai shi ƙasashen duniya, ya sami lambar ƙasa da digirin girmamawa, ya rasu a 2015. Waɗannan karramawa ba su jawo gardama mai yawa ba, domin sun zo ne bayan aikin ya nuna kansa. Abin da ke damuna shi ne wanda zai zo a yau a ba shi irin wannan matsayi saboda waƙa ɗaya da ta yi tashe a kakar zaɓe, sannan bayan shekara takwas a rasa mai iya rera baiti guda daga cikinta.

A Amurka akwai wani gidan tarihi a birnin Cleveland, Rock and Roll Hall of Fame, wanda ke shigar da mawaƙa cikin jerin waɗanda ba za a manta da su ba, kuma ya fara yin haka tun 1986. Ba na kawo shi don in ce Amurkawa sun fi mu sanin waƙa. Ƙa'idoji biyu nasu ne suka ja hankalina. Ta farko, ba a ko duba sunan mawaƙi sai an cika shekara 25 da fitowar faifansa na farko. Ta biyu, an ba masoya damar jefa ƙuri'a ta intanet, amma duk yawan ƙuri'unsu a ƙarshe ana dunƙule su su zama takardar zaɓe guda ɗaya a cikin takardu fiye da dubu na masana tarihi da mawaƙa da masu sana'ar. 'Yan Najeriya sun ɗanɗana wannan ƙa'ida a 2021, lokacin da aka sa sunan Fela Anikulapo Kuti cikin 'yan takara. Mutanenmu suka yi ta jefa ƙuri'a har ya zo na biyu a zaɓen masoya, bayan Tina Turner, amma da aka fitar da sunayen waɗanda aka shigar a shekarar babu nasa. Ni a ra'ayina masu zaɓen sun yi kuskure, domin tasirin Fela a kiɗan duniya ba abin musu ba ne. Sai dai kuskuren da sanannun mutane suka yi ana iya nuna musu shi, a yi musu raddi a jarida, su gyara wata shekara. Kuskuren da taron da ba a san fuskarsa ba ya yi, wa za a kama?

Sharaɗin jiran lokaci shi ne na fi so mu ɗauka, ko da ba mu tsaya a kan shekara 25 daidai ba. Waƙa tana da ƙuruciya kamar mutum, kuma a lokacin tashenta ba a iya bambanta daɗinta da daɗin abin da ya kewaye ta: kuɗin wanda aka yi wa ita, ko zafin siyasar da ta haife ta, ko fim ɗin da ta fito a ciki. Sai wanda aka wasa ya sauka daga mulki ko ya bar duniya, sannan a ga ko waƙar za ta iya tsayawa da ƙafarta. Ibrahim Narambaɗa ya yi yawancin waƙoƙinsa ne ga Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, kuma mafi yawan masu sauraronsa a yau ba su san Isa ba, ba su da wata alaƙa da gidan sarautar, amma suna saurare saboda Hausar da ke ciki da yadda ya sarrafa ta. Haka waƙar da Ɗan'anace ya yi wa ɗan dambe Shago take motsa wanda bai taɓa naɗa zare a hannu ba. Wannan ita ce jarrabawar da babu mai iya saye, kuma mawaƙin da ya tabbata da aikinsa bai kamata ya ji tsoron jiranta ba.

Bayan lokaci, sai a tambayi abin da mutum ya ƙara wa harshe da kiɗa. Shin ya zo da salon da ba a san shi ba kafinsa, har wasu suka bi sawunsa? Shin kalmominsa nasa ne, ko kuwa ya ɗebo na magabata ne ya zuba a kan kiɗan fiyano ba tare da ya ambace su ba? Shin idan aka rubuta waƙar a takarda aka cire mata kiɗa akwai abin da zai rage wanda malami zai iya koyar da ɗalibi da shi? Waɗannan tambayoyi ba baƙi ba ne a wurinmu, domin sassan nazarin Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo sun daɗe suna yin su, kuma masana irin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun shafe shekaru suna tattara waƙoƙin baka da tarihin masu su. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan ilimi da masu ba da lambobi, waɗanda sau da yawa ba sa tuntuɓar kowa sai wanda ya kawo musu suna. Akwai kuma tambaya mai nauyi a kan halin mawaƙi da abin da ya yi da baiwarsa. Zambo da habaici tsofaffi ne a waƙar Hausa, manyan makaɗan fada duk sun yi su, kuma wanda zai ce sai mawaƙin da bai taɓa yi wa kowa zambo ba za a karrama, to zai wayi gari babu kowa a jerinsa. Amma akwai bambanci tsakanin zambon da aka yi cikin hikima da zagin iyaye tsirara, ko waƙar da ta tunzura matasa suka zubar da jini, kuma wajibi ne masu hukunci su faɗi a fili inda suka ja layi.

Kada a ɗauka ina ganin masana ba su da nasu son zuciyar. Suna da shi, kuma tarihin karramawa a ƙasar nan ya nuna inda ya karkata. An fi rubutu a kan makaɗan fada masu kotso da taushi, irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Salihu Jankiɗi, kuma sun cancanta, amma makaɗan noma da na maƙera da na mahauta da na 'yan tauri irin Kassu Zurmi ba su sami rabin wannan kulawa ba. Masu kukuma da gurmi, irin Garba Supa da Hassan Wayam da Haruna Uji, an daɗe ana yi musu kallon makaɗan shashanci, alhali su ne suka rera rayuwar talakan birni ta zamaninsu. Mata kuwa abin ya fi muni. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi shekaru tana kiɗan ƙwarya tana gaya wa matan aure su tashi su nemi sana'a tun kafin ƙungiyoyi su fara shirya tarurruka a kan haka a otal-otal, amma girmamawar da ta samu a hukumance ba ta kai ko kusa da tasirinta a cikin gidaje ba. Saboda haka duk kwamitin da za a kafa, idan ya zama na farfesoshi maza ne zalla, zai maimaita wannan gibi. A sa tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka naɗi waƙoƙin nan da hannunsu, a sa mata, a sa makaɗan da suka ajiye sana'a, a sa mutanen Nijar.

Na ce mutanen Nijar ne saboda waƙar Hausa ba ta san iyakar Jibiya ko ta Illela ba, kuma su sun riga mu yin wani abu a wannan fanni. Tun 1987 suke da gasar kiɗa ta ƙasa da suka sanya wa sunan mawaƙin Tawa, Ɗangurmu, ta yadda duk matashin da ya shiga gasar sai ya ambaci sunan dattijon ko yana so ko ba ya so. A Yamai kuma akwai cibiyar koyar da kiɗa mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, inda aka adana kayan kiɗan gargajiya. Irin wannan karramawa ta fi allon gilashi da ake miƙa wa mutum a ɗakin taro a yi hoto a watse, domin tana aiki kowace shekara.

Sannan akwai mutanen da duk tsarin karramawarmu ya manta da su gaba ɗaya, wato 'yan amshi da makaɗan da ke bayan mawaƙi. Duk wanda ya saurari Ɗanƙwairo ya san cewa rabin daɗin waƙar yana wurin yadda 'yan amshi ke karɓewa su ƙara, har wani lokaci su ne ke ƙarasa baitin da ya fara. Duk wanda ya saurari Shata ya san kalangu yana magana tare da shi. Amma mutum nawa ne za su iya kawo sunan mutum biyu daga cikin waɗannan bayin Allah, ko su gane fuskarsu idan an nuna musu? Da yawansu sun tsufa a ƙauyukansu babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye su yadda aka yi waƙa kaza, kuma kowace shekara ana rasa wasu.

A nan ne nake ganin matasanmu masu ɗaukar hoto za su yi aikin da ya fi cin gasa. Duk wanda ya taɓa neman hoton tsofaffin makaɗanmu don ya sa a littafi ko a jarida ya san irin wahalar da ke ciki. Hoto ɗaya ko biyu ne ke yawo, sun dushe saboda yawan kwafa, ba a san wanda ya ɗauka ba, ba a san shekara ko wuri ba, wani lokaci ma sai a liƙa hoton wani a ce wane ne. A Mali, hotunan da Malick Sidibé ya riƙa ɗauka na matasan Bamako a wuraren rawa da biki sun zama taskar tarihin ƙasar, har aka ba shi babbar lambar baje kolin Venice a 2007. A nan Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya shafe shekaru tun daga 1968 yana ɗaukar kitson mata, ya tara hotuna kusan dubu, kuma yau da su ake sanin salon da ya ɓace. Babu ɗayansu da ya fara da niyyar shiga gidan tarihi. Abin da ke gabansu suka ɗauka da kyau, suka adana, suka rubuta bayani. Gasar Wiki Loves Africa, wadda ake yi tun 2014 kuma kowa na iya shiga, ta ware shekarar 2016 ga kiɗa da rawa, kuma hotunan da aka shigar suna nan a ajiye inda kowa zai iya amfani da su tare da ambaton mai su. Wannan ya nuna cewa gasar masu sha'awa tana iya barin abin da zai amfani na baya, idan an tsara ta da wannan niyya.

Shawarata ga masu shirya gasannin hoto a garuruwanmu ita ce su ware zagaye guda a shekara ga makaɗa da mawaƙan gargajiya da ke raye, da 'yan amshinsu, da masu sassaƙa kango da masu ɗaura fata. A shardanta cewa kowane hoto ya zo da sunan wanda aka ɗauka bisa yardarsa, da garinsu, da ranar ɗauka, da irin kayan kiɗan da yake riƙe da shi, da wanda ya yi wa amshi ko ya koya a wurinsa. Hoton da babu wannan bayani, komai kyansa, kada a karɓe shi. Idan an gama, a buga waɗanda suka yi fice a takarda mai kyau, domin abin da ke cikin waya yana tafiya ne tare da wayar ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta. A kai kwafi Gidan Ɗanhausa a Kano, da Arewa House a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, a kuma mayar wa dattijon da aka ɗauka nasa kwafin ya rataya a zaurensa. Duk ranar da aka zauna tantance wanda ya cancanci a sa sunansa a titi ko a ba shi digiri, masu hukunci za su sami abin dubawa da mutanen da za su je su tambaya, maimakon dogaro da ƙidayar da aka yi cikin mako guda.

Ita ma jaridarku tana da rawar da za ta taka, Malam Edita. Duk lokacin da wata ƙungiya ta aiko muku da sanarwar cewa ta zaɓi gwarzon mawaƙa ko gwarzon masu hoto, ina roƙon wakilinku ya tambaye su su wane ne alƙalan, da wace ƙa'ida suka yi aiki, da kuma ko wanda aka karrama ya ba da gudummawar kuɗi ga taron, sannan a buga amsar tare da labarin. Idan kuma za ku iya ware rabin shafi sau ɗaya a wata ga hoton wani tsohon makaɗi ko ɗan amshi da wani matashi ya ɗauko, tare da sunan matashin a ƙasa, na san masu ɗaukar hoto a nan Zariya da za su fara aiko muku tun daga watan gobe.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Zariya, Jihar Kaduna